Masana'antu da Sana'o'in Hannu a Ƙasar Maraɗi, Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tana shiga jihar Maraɗi ne ta gundumar Gidan Rumji. Daga nan ta ratsa Tsibiri, ta wuce ta bakin birnin Maraɗi, ta miƙe gabas ta Caduwa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. Mafi yawan abin da jihar ke ƙerawa ko sarrafawa a kan wannan zirin ƙasa yake fitowa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba jihar mutum kusan miliyan 3.4, birnin Maraɗi yana da kimanin 267,000, gundumar Gidan Rumji ita kaɗai ta haura rabin miliyan. An daɗe ana kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar, kuma ba a yi mata ƙari ba. Sai dai kasuwanci daban, ƙira daban. Manyan masana'antun da aka kafa a birnin yawancinsu sun tsaya ko suna tafiya da ƙyar, alhali sana'o'in hannu, waɗanda aka yi zaton zamani zai shafe, su ne har yau suke ci da dubban gidaje.

Tushen waɗannan sana'o'i ya girmi garuruwan kansu. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunanta suka yi hijira arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Sarakunan sun taho da masu sana'arsu, sun kuma tarar da manoma da maharba a kwarin gulbi da nasu maƙeran. Da yake daulolin biyu sun shafe kusan dukan wancan ƙarnin cikin yaƙi da Sakkwato, maƙeri da baduku sun samu daraja ta musamman: ɗaya yana ƙera mashi da kibiya da linzami, ɗaya yana ɗinka sirdi da kube da layu. Kowace sana'a tana da shugabanta a fada, Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da sauransu, kuma gado ake yi. Yaro yana fara zuga wuta a maƙerar ubansa tun bai iya ɗaga masaba ba. Wannan tsari na gado ya yi rauni a yau, amma koyon sana'a a hannun maigida, ba takarda ba albashi sai kuɗin abinci, shi ne har yanzu babbar makarantar masu aikin hannu a yankin.

Gyaɗa ce ta juya al'amura. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai ga ƙasar Maraɗi ta samu hanyar teku ta cikin mulkin Ingilishi. Faransawa suka ɗora haraji da kuɗinsu, manomi kuwa ba shi da hanyar samun wannan kuɗi sai ya shuka abin da Bature ke saye. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna da ma'aunai, suna ba wasu ƴan gari kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo musu gyaɗa. Daga cikin waɗannan dillalai ne manyan attajiran Maraɗi na farko suka fito. A 1942, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya toshe hanyoyin ruwa, aka kafa masana'antar matsar man gyaɗa ta Siconiger, wadda ita ce uwar masana'antun birnin. Shekara uku bayan haka, a 1945, gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka sake zana sabon gari a kan tudu da tituna miƙaƙƙu. Maraɗin da aka sani a yau, da kasuwarta da unguwar kantuna, ɗiyar gyaɗa ce.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnati ta karɓi cinikin daga hannun Turawa. A 1962 ta kafa kamfanin Sonara, ta ba shi ikon fitar da gyaɗa shi kaɗai. A shekarun nan gyaɗa ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje. Maraɗi ta kuma samu wasu masana'antu: injin gurzar auduga na kamfanin CFDT, majemar zamani ta Sonitan, sannan daga baya, da kuɗin yuraniyom ya fara shigowa a shekarun 1970, aka samu na katifa da na kayan ƙarfe da na bulo da na lemon kwalba. Wanda ya ga unguwar masana'antu a lokacin zai ce birnin ya kama hanyar Kano.

Hanyar ba ta yi nisa ba. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya yi tsanani a 1973 da 1974, sannan a 1975 cutar kuturun gyaɗa, wadda ƙananan kwari ke yaɗawa, ta lalata gonaki a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar gaba ɗaya. Manomin da ya ga yunwa da idonsa ya koma ga hatsi da wake. Injin da aka gina don ya cinye dubban tan a shekara ya wayi gari ba abin da zai niƙa. A shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, baitulmali ya bushe, masu ba da bashi na duniya suka matsa a sayar da kamfanonin gwamnati ko a rufe su. Sonara ta rushe, Sonitan ta tsaya, masana'antar mai ta yi shekaru a kwance kafin a farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 da sunan Olga Oil, kuma ko bayan haka samun isasshiyar gyaɗa a farashin da zai bar riba bai daina zama matsala ba.

Fari da cuta sun bayyana faɗuwar, amma ba su bayyana dalilin da ya sa ba a tashi ba, domin kuɗi bai ƙare a Maraɗi ba. A daidai shekarun da masana'antu ke mutuwa ne attajiran birnin suka fi bunƙasa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya yanke arewa da tashoshin ruwan kudu, bayan yaƙin kuma gwamnatocin Nijeriya suka riƙa hana shigo da kayayyaki iri-iri don kare masana'antunsu. Alhazan Maraɗi suka gane ƙofar da ta buɗe. Sai a sauke taba sigari da atamfa da shadda a Kwatano, a hau da su ta Gaya zuwa Maraɗi bisa doka, a biya duwan ta Nijar haƙƙinta, daga nan kayan su sulale ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan alhazai a 1986. An sha zarginsu da rashin hangen nesa saboda sun ƙi zuba dukiya a masana'anta, amma zargin bai yi musu adalci ba. Kuɗin da aka sa a kwantenar kaya yana dawowa da riba cikin wata biyu ko uku, a sake juya shi. Kuɗin da aka binne a inji sai ya yi shekaru bai dawo ba, ga shi a fili inda mai karɓar haraji zai gan shi, ba a kuma iya ɗauke shi a gudu in doka ta canza. Ɗan kasuwa ya yi lissafinsa daidai, yanayin da yake ciki ne bai ba masana'anta fili ba.

Babban abin da ke cikin wannan yanayi shi ne makwabtaka da Nijeriya. Daga Maraɗi zuwa iyaka bai kai kilomita 50 ba, Katsina tana nan kusa, Kano kuma da unguwannin masana'antunta na Bompai da Sharaɗa da Challawa tafiyar yini ɗaya ce da dawowa. Masana'antar Kano tana ƙera wa kasuwar mutum miliyoyi masu yawa, saboda haka kowane bokiti ko takalmin roba ko sabulu yana fita mata da araha. Sannan ga bambancin kuɗi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Faransa, daga baya da yuro, naira kuwa tun 1986 take zubewa. Duk lokacin da naira ta faɗi, kayan Kano sai su ƙara sauƙi ga mai riƙe da sefa, kayan Maraɗi su ƙara tsada ga mai riƙe da naira. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya ɗan sassauta lamarin, amma na ɗan lokaci. Rufe iyaka ma, wanda aka yi daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, bai taɓa tayar da wata masana'anta a Maraɗi ba. Abin da yake yi shi ne ya ƙara wa ƴan fito farashi.

Sai wutar lantarki. Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna shan wuta daga layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, inda ake raba ta gabas da yamma. Ma'ana, masana'antar Maraɗi tana gasa da ta Kano ne da wutar da Nijeriya ta sayar mata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke wannan wuta a cikin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba a janye takunkumin ba sai a watan Fabrairun 2024. A watannin nan masu walda da masu ƙanƙara da masu injin niƙa na lantarki sun ga abin da dogaro da layi ɗaya ke haifarwa. A garuruwa irin su Gidan Sori da Sae Sabuwa da Gangara, inda wutar ba ta wadata ba tun asali, injin gazuwal ne abin dogaro, a ƴan shekarun nan kuma faifan hasken rana.

Cikin sana'o'in gargajiya akwai waɗanda wannan guguwa ta kwashe. Saƙa ce ta fi shan kashi. A da mace tana gurzar auduga ta kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, a haɗa a yi gwado ko zane ko riga, marini ya tsoma a karofi da baba, mabugi ya buge shi ya yi sheƙi. Akoko da atamfar kanti suka fara karya wannan sarƙa tun zamanin Turawa, gwanjo da yadin Sin suka ƙarasa ta. Inda aka ga tsohuwar marina a yau, galibi ramukan sun cike da shara, rinin da ya saura kuwa na garin kanti ne da ake yi a cikin tukunya ko rabin durom. Narkar da tama ma ta mutu tun da tsohon ƙarfen mota da na jirgi ya wadata. Ginin tukwane ya ragu saboda roba da sanholo, ko da yake randa da tulu ba su da magaji wajen sanyaya ruwa a gidan da ba firji.

Waɗanda suka rayu kuwa suna da hali ɗaya: suna sarrafa abin da ke fitowa a gonar kusa, suna sayar wa makwabci abin da kanti ba ya iya kawo masa yadda yake so, kuma sun karɓi ƙaramin inji ba tare da sun bar hannu ba. Matsar man gyaɗa ita ce misali mafi bayyana. Mace za ta sayi tiya biyar ko goma ran kasuwa, ta soya a kasko da ɗan yashi don kada ta ƙone, ta murje ta sheƙe ɓawon, ta aika yarinya da ita wurin mai inji a markaɗo. Markaɗen nan za a zuba a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya, har tunkuzar ta dunƙule mai ya taso a kanta ja-ja. Ta kwashe, ta matse sauran da hannu, ta murza tunkuzar ta yi zobe ko sanda ko ƙwallo, ta soya a cikin man da ya fito daga jikinta. Ƙuli-ƙuli ke nan. Masu sana'ar kan ce mai yana mayar da uwar kuɗi ne kawai, riba tana cikin ƙuli. Wannan lissafi shi ya sa matar ƙauye take iya sayen gyaɗa a farashin da babbar masana'anta ba za ta iya ba. Ita tana sayar da tunkuzarta a matsayin abincin mutane, da darajarsa, masana'anta kuwa tata tunkuzar abincin dabbobi ce. Ba ta biyan lantarki, ba ta biyan ma'aikaci, ba ta lissafa wahalarta. Abokin gabarta na gaske shi ne man ja da aka tace, wanda ke shigowa a jarkoki daga Maleshiya da Kwaddibuwa, ya fi nata araha, ko da bai kai shi ƙamshi ba.

Jarin irin waɗannan mata daga adashi yake fitowa. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zuba kuɗi a asusu ɗaya kowane mako suna ranta wa junansu, tsarin da daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ya isa ya sayi buhun gyaɗa ko akuya. Bai isa ya sayi injin matsa da na tacewa ba, banki kuma ba ya kallon wanda ba shi da takardar fili. Tsakanin mai turmi da mai babbar masana'anta akwai fili fetal da kusan ba kowa a cikinsa, kuma a nan ne raunin tattalin arzikin yankin yake.

Kilishi shi ne abin da matafiyi ya fi sanin Gidan Rumji da Tsibiri da shi. Mahauci yana zaɓar tsokar cinyar sa marar kitse, ya zauna da wuƙa mai kaifi yana warware ta falle ɗaya, siriri har ana hango haske ta cikinsa, ba tare da ya huda ba. A shanya a kan gadon kara a rana. In ya bushe a tsoma shi a labu, wato tunkuza da aka dama da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sannan a gasa shi sama-sama a kan garwashi. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a yi masa labu sai mai da ɗan kayan yaji. Sana'a ce da ta haɗa makiyayi da mahauci da mai ƙuli da mai kayan yaji a ciniki ɗaya, kuma ba wata masana'antar waje da ke iya ƙwace ta. Hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da ƙasarsa. Sai dai rajista ba ta korar ƙuda. Muddin ana shanya nama a fili cikin ƙura, ana naɗe shi a takardar buhun siminti, kasuwarsa ba za ta wuce tasha da tsarabar matafiya ba. Da damina kuma aikin yakan ja baya saboda rana ba ta isa.

Maƙera sun bi zamani ta wata hanyar. Shigowar noman shanu, wanda ayyukan raya karkara suka yaɗa a jihar tun daga shekarun 1970, ya buɗe musu kasuwar galma da amalanke da kayan gyaransu. Ɗan maƙerin da kakansa ya narka tama yau shi ne mai walda a bakin hanya, yana yin ƙofa da taga da gado da injin ɓarzar gyaɗa daga tsohon ƙarfe. Wasu sun koma zubin tukwane: a tara gwangwanin lemo da fasassun kayan inji na sanholo, a narka, a zuba a cikin ƙirar da aka danna a damshin yashi, a fasa a fito da tukunya a goge bakinta. Hauya da lauje da gatari kuwa har gobe na maƙeri manomi ke nema, domin shi ne zai daidaita masa ita da irin ƙasar gonarsa, in ta dakushe ya koɗa masa.

A gabas da arewacin wannan yanki, inda Gulbin Kaba ya ratsa, goriba ce ke ciyar da masu saƙar tabarma da igiya da faifai da malfa. Tabarmar roba ta rage musu kasuwa, faɗaɗar gonaki da yawan yankan kaba kuma sun rage itacen. Abin da ya ɗan taimaka shi ne sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi, dabarar da ta bazu daga ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980, ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kanta.

Batun fata ya fi kowanne nuna asarar da ake yi. Jar akuyar Maraɗi, ƴar'uwar ta Sakkwato, fatarta tana cikin mafi daraja a duniya saboda laushi da ƙarfi. Ita ce fatar da ayari ke ƙetare Sahara da ita a da, Turawa suna saye a tashoshin arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Tun 1963 akwai cibiyar kiwon wannan akuya a Maraɗi don kada irinta ya gurɓace. Majemin gargajiya yana jiƙa fatar a ruwan toka, ya kankare gashin a kan gungume, ya tausasa ta da kashin kaji ko ganyen fataka, ya tsoma a ruwan bagaruwa da aka daka, ya shafe ta da man gyaɗa, in ja ake so a rina da karan dafi. Daga nan baduku ya karɓa ya yi takalmi da jaka da kube da matashi. Wannan aiki yana nan, amma kaɗan yake ci daga abin da ake yankawa. Tun da majemar zamani ta tsaya, mafi yawan fatun awaki da tumaki ana barbaɗa musu gishiri ne a loda su ɗanye zuwa Kano, inda majemu ke sarrafa su a fitar da su Italiya da Sifen da sunan fatar Nijeriya. Ƙirgin shanu kuma da yawansa a tukunya yake ƙarewa, domin masu cin ganda a kudancin Nijeriya suna biyan abin da majemi ba zai iya biya ba. Ga kuma ɓarnar da ake yi tun wurin fiɗa, inda wuƙa ɗaya da ta zame ke mayar da fata mai daraja ta ɗaya zuwa ta uku.

Aya ma haka take tafiya. Ƙasar Agye da Caduwa da Gazawa na cikin manyan wuraren nomanta a Afirka ta Yamma, kuma ita ce ta maye wa manoma da yawa gurbin gyaɗa. Aikinta na da wuya: a ƙone ganyen, a tone ƙasa, mata da yara su yini suna tankaɗe ta cikin ƙura, ga shi tana cin taki tana gajiyar da gona. Buhunan suna tafiya Nijeriya inda ake yin kunun aya, wasu har Sifen inda mutanen Balensiya ke yin wani farin abin sha da ita. Abin da ake sarrafawa a gida bai wuce dakuwa da soyayyar aya mai sukari da ɗan gari da wasu ƙungiyoyin mata ke ƙullawa a leda ba. Riɗi da wake duk hanyar kasuwar Dawanau ta Kano suke bi. Wani abin lura shi ne buhun nan mai rufi uku da ke hana wake ƙwari ba tare da magani ba: masu bincike na cibiyar INRAN da ke Tarna, a bakin Maraɗi, suna cikin waɗanda suka gwada shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka, amma da aka zo ƙera shi da yawa, masana'antar Kano aka nufa.

A kan waɗannan tsofaffin matsaloli an samu sabuwa. Tun 2019 hare-haren ƴan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina suka koro dubban mutane zuwa gundumar Gidan Rumji, har aka tsugunar da wasu a Cadakwari da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Satar shanu da garkuwa da mutane sun tsallako ƙauyukan bakin iyaka. Kasuwar da dabbobi suka ragu a cikinta, mahauci da majemi da mai kilishi duk sai sun ji a jikinsu, manomin da aka kore wa shanun noma kuma ba zai je wurin maƙeri sayen galma ba.

Ba a rasa abin ginawa a kai ba. Akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a 2010, matatar mai ta Soraz a ƙasar Damagaram tana aiki tun 2011, simintin Malbaza yana nan yamma a kan hanya ɗaya. Babban abin da ake jira shi ne layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ana yawan maganarsa kamar shi kaɗai zai tayar da masana'antun birnin. Tarihin gyaɗa bai goyi bayan wannan fata ba, domin jirgin da ya isa Kano a 1911 ɗanyen kaya ya kwasa, ya dawo da na kanti. Sauƙin sufuri zai rage wa buhun aya da ɗanyar fata kuɗin fita, zai kuma rage wa robar Sharaɗa kuɗin shigowa. In jirgin ya iso ya tarar da Gidan Rumji da Agye da Gazawa ba tsayayyar wuta, ba rumfar shanya nama mai tsabta, ba ƙaramin injin matsa da tace mai, ba majemar da za ta riƙe fatar jar akuya ko da zuwa matakin farko na jima, to Kano ce za ta ci ribarsa.